Shekarun da Na Hana Auta Tsalle

Sana'ata buga bulo ce, kuma ban iya wata ba. Karatuna na boko bai wuce firamare ba, na allo ma ban kai ga sauka ba aka miƙa mini shebur. Ina aiki a wani fili a Buokrom. Gidan da muke haya yana Asawase, irin gidan nan mai ɗakuna zagaye da tsakar gida, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya, kowa ya san abin da maƙwabcinsa ya dafa. A nan aka haifi 'ya'yanmu duka, har da ta ƙarshe, wadda kowa ke kira Auta, ni ma haka zan kira ta a nan. Labarin nata ne, amma wautar da ke cikinsa tawa ce. Na roƙe ta gafara, ta ce ta yafe in dai zan daina ba baƙi labarin a gabanta. Shi ya sa na koma rubutawa.

Ranar da abin ya fara Juma'a ce. Auta tana da shekara ɗaya da 'yan watanni, ta fara tafiya tana dafa bango. Tun tsakiyar mako jikinta da zafi, mun sayo magani a kemis muna ba ta, muna cewa haƙori ne. Na dawo daga masallaci ke nan, ko hula ban cire ba, sai na ji matata ta kira ni da wata irin murya da ban san ta da ita ba. Na tarar da yarinyar a kan tabarma, jikinta ya sandare, idanunta sun juye sama, hannu da ƙafa suna fizga, kumfa na fita a bakinta.

Nan da nan tsakar gida ta cika. A unguwarmu tsofaffi na cewa jijjigar yara daga sama take saukowa, kuma mace ba ta ɗaukar yaron da ke cikin jijjiga, namiji ake nema. Asantawa maƙwabtanmu ma haka suke cewa. Saboda haka uwar da ta haife ta tana tsaye tana kuka, an riƙe ta, ni ne na ɗauke ta. Kowa ya kawo abin da ya sani. Wannan ta daka tafarnuwa ta shafa mata, waccan ta yanka albasa ta kara mata a hanci, wani ya watso ruwa ya jiƙa mu duka biyu. Aka ce a sa mata cokali a baki kada ta ciji harshe. Ni da hannuna na tura cokalin har na fasa mata dasashi. Mahaifiyata, wadda muke kira Mma, tana zaune a ɗakin da ke kusa da namu, ta fito tana tofa addu'a, kuma a cikinmu duka ita kaɗai ce ba ta cutar da yarinyar da komai ba.

Muna cikin wannan hidima lokaci yana tafiya, jijjiga ba ta tsaya ba. Akwai wani direban tasi a gidan, mutumin arewacin ƙasar nan amma ba Bahaushe ba, Hausarsa ta koyo ce. Shi ne ya kutsa cikinmu ya ce, "Yarinya zai mutu a hannunku. Ku shiga mota."

A asibiti nas-nas suka karɓe ta, suka yi mata allura, jikinta ya saki ta yi barci. Aka gwada jini aka ce zazzaɓin cizon sauro ne. Bayan 'yan kwanaki aka sallame mu. Sai dai abin bai tafi gaba ɗaya ba. Ya sake dawowa bayan wasu watanni, har akwai ranar da ya zo ba tare da zazzaɓi ba. Daga nan aka ɗora ta a kan maganin sha na kullum, aka ce mu riƙa kai ta ganin likitar yara.

Likitar mace ce, 'yar Asante, gajera, mai saurin magana. Duk musulmin da ya shigo wajenta Alhaji take ce masa, ni kuwa ko filin jirgi ban taɓa shiga ba, amma ban gyara mata ba. Da Twi, yaren Asantawa, muke magana da ita. Wata rana na tambaye ta abin da ke hana ni sukuni. Na ce, wannan ciwon zai taɓa hankalin yarinyar?

Ta ajiye abin da take yi ta yi mini bayani a hankali. Ta ce ba a haifar yaro da ƙwaƙwalwa gamammiya, aikinta yana ci gaba shekara da shekaru. A can ciki akwai wani ɗan wuri da ke taimaka wa mutum ya riƙe abin da ya koya, kuma a wurin nan ana ta haifar sababbin ƙwayoyi, musamman a ƙuruciya. Kowace sabuwar ƙwaya sai ta yi 'yar tafiya ta je mazauninta, ta miƙa zare-zare ta kama 'yan'uwanta, sannan ta fara aiki. Jijjiga in ta daɗe, ko ta yi ta maimaituwa, tana iya rikita wannan tsari. Wani lokaci a haifi ƙwayoyin da yawa amma wasu su zauna inda ba mazauninsu ba, wani lokaci kuma haihuwar ta ragu. Ta ce yawancin abin da aka sani game da wannan daga ɓeraye aka gano shi, a jikin mutum har yanzu ana bincike, kuma yara da yawa da suka yi jijjiga suna girma lafiya lau.

Ta ƙara da wasu maganganu masu yawa, matata na ta gyaɗa kai. Ni kuwa tun a kan maganar sababbin ƙwayoyi na tsaya. Kunnena yana ɗakin, amma zuciyata ta koma Buokrom.

Duk wanda ya taɓa buga bulo ya san ɗanyen bulo. Ka kwaɓa siminti da yashi, ka zuba a ƙarfen buga bulo, ka danna, ka juye shi a ƙasa, ga shi nan tsaf kamar ya gama. Amma kaza ma in ta taka shi sai ta bar sawu. Ba a ɗaga shi, ba a girgiza shi, ba a jera wani a kansa. Ruwa kawai ake yayyafa masa safe da yamma, a bar shi ya kama jikinsa. Wanda aka taɓa tun yana ɗanye ko ya bushe yana nan da tsaga a ciki, ba a gani sai ranar da aka ɗora masa nauyi. A cikin trotro, wato motar haya, muna komawa gida na gama lissafina. Kan Auta ɗanyen bulo ne, jijjiga ta riga ta girgiza shi, aikina shi ne kada wani abu ya ƙara girgiza shi har ya bushe. Na ji daɗin kaina ƙwarai. Na ga kamar duk asibitin nan ni ne na fi fahimtar abin da likita ta faɗa.

Na kafa dokoki. Ba gudu, ba tsalle, ba hawa benci a diro. Ba a ɗora mata ko ƙaramin kwano a ka. Ba a yi mata kitso mai ja. Ba a cilla ta sama a cafe, yadda kawunnai ke yi wa yara. In za mu shiga trotro, sai na jira wadda kujerar gaba ba kowa, in rungume ta, tafin hannuna a kan kanta. Direbobin tashar Asawase duk sun san ni, domin kowane rami aka faɗa sai na yi magana, har wani ya taɓa tsayawa a tsakiyar hanya ya ce in zo in karɓi tuƙin. Akwai wata mata a gidanmu da ke dakan fufu jikin bangon ɗakinmu. Na je da fara'a na roƙe ta ta matsar da turminta bakin famfo. Ta matsar, amma ta daina amsa gaisuwata har azumi ya zo. In aka kafa rumfar biki a layinmu aka kunna lasifika, sai in sa a kai Auta gidan ƙanwata a Akwatia Line har a tashi.

Mafi muni a cikin dokokin ita ce ta tunani. Na hana a riƙa yi mata tambayoyi. In baƙo ya ce, "Auta, wannan mene ne? Ƙirga mini yatsunki," sai in ce a bar ta, kada a wahalar da kanta. A ganina tunani ma nauyi ne.

Matata ta yi magana tun farko. Ta ce ita ba haka ta ji likita ta faɗa ba. Na ce mata ita sayar da atamfa ta sani, ba ta san gini ba. Wannan magana tana cikin waɗanda har yanzu in na tuna nake jin kunya. Ta dube ni kawai, ta ce to. Da na san matata yadda na san ta yanzu, da wannan "to" ɗin ta sa na yi bincike.

Maganin kam ba mu taɓa wasa da shi ba, wannan ɗaya zan iya faɗa a kan kaina. Jijjigar ta yi ta raguwa har ta daina zuwa. Ni kuma sai na ɗauka dokokina ne suka yi aiki, na ƙara ƙaimi.

Yarinyar da aka hana wasa wurin tsofaffi take zama. Duk lokacin da na dawo daga aiki sai in tarar da Auta a kan 'yar kujera kusa da Mma, ta harɗe ƙafa, ana tsinke ganye ko gyaran wake. Ta kwashe maganar Mma kaf. Tana da shekara huɗu take yi wa mutane sannu da gajiya, ta tambayi mai jego ya kwanan yaro, ta ce wa yayanta zamani ya lalace. Ta san wace ce ta yi yaji a layinmu, ta san wace ce ta dawo. Wata rana mai gidan hayarmu ya shigo, dattijo mai kwarjini, ta dube shi ta ce, "Alhaji, ya ƙafar? Ka daina cin gishiri." Gida ya kwashe da dariya. Ni ma na yi, ban tsaya na tambayi kaina ba yadda kan da nake tsoron ya tsage yake ɗauke da wannan kaya duka.

Rigima ta gaske a kan karatu ta taso. Sa'o'inta suka shiga makarantar allo, na ce a'a, domin na ga yadda yara ke rangaji gaba da baya suna ɗaga murya, ga bulala. Suka shiga ta boko, na ce a'a, a jira. Matata ta ce a jira har yaushe? Na ce har kan ya yi ƙwari. Ta ce wa zai gaya mini ya yi ƙwari, ƙwanƙwasawa zan yi in ji? Shekara ta zagayo, aka sake ɗaukar sababbin yara, na sake cewa a'a. Da safe in yaran gida suka sa rigunan makaranta suka fita, Auta takan tsaya a bakin ƙofa da kofin kokonta tana kallon su har su sha kwana. Ba ta kuka. Takan ce, da muryar Mma, Allah ya kai su lafiya. Ina ganin wannan kullum kafin in tafi aiki, ina gaya wa kaina don ita nake yi.

A bakin lungunmu akwai wata Hajiya mai suyar doya da ƙosai da yamma. Na lura matar nan tana girmama ni fiye da kowa. Da zarar na sauka daga trotro na doso lungun, sai ta ɗaga murya ta ce, "Mai bulo, sannu da zuwa, an dawo lafiya?" Har a ƙarshen layi ana ji. Ta tsare ni da gaisuwa, ta tambayi aiki, ta tambayi farashin siminti kamar mai shirin gina bene, wani lokaci ta ba ni doya mai zafi ta ce in tsaya in ci a nan. Nakan gaya wa matata cewa har yanzu akwai masu mutunci a Zongo, unguwarmu ta Hausawa. Takan ce ƙwarai kuwa.

Wata rana da damina yashi bai iso ba, muka tashi aiki da wuri. Wani abokin aikina ya rage mini hanya a babur, ya sauke ni ta bayan gida, wajen da ake zuba shara, na shigo ta ƙaramar ƙofa. Tun kafin in shiga nake jin tafi da ihun 'yan mata, ana ampe. Wanda bai san ampe ba, wasa ne da 'yan mata ke yi su biyu suna fuskantar juna, su tafa, su yi tsalle, su jefa ƙafa ɗaya gaba, a ga wadda ta ci. Wasan tsalle ne zalla, kuma shi ne na farko a cikin abin da na haramta.

Auta ce a tsakiya. Ta ɗaure ɗankwalin uwarta a ƙugu, gumi ya jiƙa ta, tana tashi sama kamar an sa mata roba a ƙafa. Ta cinye wannan, ta gaba ta shigo, ta cinye ta. Ko ni da ban san wasan sosai ba na gane wannan ba ƙafar mai koyo ba ce. Matata tana wanki a bakin famfo ko ɗago kai ba ta yi. Mai dakan fufu tana tafa mata. Mma, uwata da ta haife ni, tana kan tabarma tana ƙirga mata ci.

Wata yarinya ce ta fara ganina, ta tsaya. Tafi ya mutu. Auta ta juyo, muka haɗa ido. Abin da ta yi shi ne ya fi ci mini rai daga baya: ta tafi a hankali, ta zauna a kan 'yar kujerarta, ta harɗe ƙafa, ta sunkuyar da kai tana haki, ta ce, "Baba, sannu da zuwa."

Mma ce ta fara magana. Ta ce, "Kai kuma ta ina ka shigo? Hajiya ba ta gan ka ba?"

A nan na gane doyar da na yi shekaru ina ci.

Na yi faɗa ranar, faɗan da ban so in tuna. Na ce an haɗa kai an ci amanata, gida guda har da mai doya. Na ce in wani abu ya sami yarinyar nan su za su ɗauki alhaki. Matata ta bar ni na gama, sannan ta ce ranar ganin likita ta kusa, in bari mu je in kai ƙararta, duk abin da likita ta ce ita ta yarda. Na ce haka za a yi. Na kwana ina shirya maganata.

Muka je mu uku. Likita ta duba Auta, ta auna ta, ta tambaye ta ajinta nawa. Auta ta ce ba ta zuwa makaranta, Baba ya ce kanta bai bushe ba. Likita ta cire tabarau ta dube ni. Ni kuwa na gyara zama na fara. Na tuna mata bayanin da ta yi mini shekarun baya, na kawo mata misalin ɗanyen bulo dalla-dalla, na lissafa dokokina, sannan na nuna matata na faɗi laifinta. Ina jira a yaba mini.

Likita ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata. Nas ɗin da ke bayanta ce ta fita da sauri. Likita ta tambayi matata tun yaushe yarinyar ke wasa. Matata ta ce tun da ta iya gudu. Likita ta ce mata ta kyauta. Sannan ta juyo gare ni.

"Alhaji, jijjiga daga cikin ƙwaƙwalwa take tasowa. Tsallen ampe ba ya kawo ta, ramin hanya ba ya kawo ta. Kuma ƙwayoyin nan da na gaya maka, ba zama suke so ba. Da yawa daga cikin sababbin mutuwa suke yi in ba su sami aiki ba. Waɗanda aka yi amfani da su su ne ke kama wuri su zauna."

Na ce wane irin aiki?

"Wasa. Gudu. Magana. Waƙa. A tambaye ta ta amsa, ta yi kuskure a gyara mata. Duk abin da ka hana."

Ta ce ko ɓerayen da ake gwaji da su, waɗanda ke samun wurin gudu da abin wasa ƙwaƙwalwarsu ta fi samun sababbin ƙwayoyi a kan waɗanda aka ajiye shiru a keji. Ta ce abin da ya kamata in tsare ta daga gare shi kaɗan ne, kuma ta faɗa mana tun farko: kada ta shiga ruwa ita kaɗai, a kula da ita kusa da wuta da wuri mai tsayi, ta sami barci, a kai ta asibiti da zarar zazzaɓi ya zo, in kuma jijjiga ta dawo a kwantar da ita a gefe ɗaya, kada a sa mata komai a baki, kada a tsaya ɓata lokaci. Matata tana faɗar su tare da ita ɗaya bayan ɗaya. Ashe abin da take gyaɗa wa kai ke nan a wancan lokacin.

Na tambaye ta abin da ya fi mini nauyi. Na ce to ni na cutar da ita ke nan? Ta ce ba za ta iya auna mini wannan ba, ba kuma wanda zai iya. Ta ce an yi sa'a gidanmu ba ya jin maganata. Abin da ya rage shi ne makaranta, kuma kada in bari wani zango ya sake wucewa.

A hanyar komawa trotro ta zo, kujerar baya kaɗai ta rage. Muka shiga. Hannuna ya tashi da kansa zai dafa kan Auta, na mayar da shi kan gwiwata. Matata tana kallon taga. Da muka isa gida na ba ta haƙuri a kan maganar atamfa. Na ba Mma haƙuri, ta ce ita dama tun ina yaro ta san in na riƙe abu ba na saki. Na je wajen mai dakan fufu na ce ta mayar da turminta inda yake, ta ce ta saba da bakin famfo. Hajiya mai doya kuwa daga ranar gaisuwarta ta koma irin ta kowa, doyar kyauta ma ta ƙare.

Karatu bai zo wa Auta da sauƙi ba, ba zan ɓoye ba. Ta shiga aji ta fi kowa tsawo. Baƙaƙe sun daɗe ba su zauna mata ba, abin da ta koya yau gobe sai an sake. Yayarta ta yi ta zama da ita da yamma har ta kamo sauran. Ko jijjigar ce ta bar wannan, ko jinkirin da na jawo ne, ko haka Allah ya yi ta, ban sani ba, likita ma ta ce ba ta sani ba. Matata ta ce kada in wahalar da kaina, wajen lissafi kam an san wanda ta gado. Daga baya aka rage maganin a hankali har aka daina, ciwon bai dawo ba. Yanzu tana sakandare, kuma har yau in ta buɗe baki sai ka ce tsohuwa ce ke magana.

Ranar farko da ta shiga firamare ni na kai ta. An aske mata kai kamar yadda ake yi wa 'yan mata a makarantun nan, rigar ta yi mata yawa domin ta yayarta ce aka rage. A hanya na tsara abin da zan gaya wa malamar ajin, kuma na yi ƙoƙari na tsaya kan abin da likita ta ce kawai. Na faɗa mata na zazzaɓi, na faɗa mata na kwantarwa a gefe, ta ce ta gane. Sai na ji bakina ya fara cewa in da hali a zaunar da ita nesa da taga, kuma lokacin tara... Auta ta ja hannun rigata.

"Baba, ka tafi aiki. Yashi na jiran ka."

Na fita, amma ban tafi ba. Na tsallaka titi na tsaya wajen wata mai gasa ayaba, na saya ina ci a hankali, ina kallon ƙofar makarantar. Matar ta tambaye ni ko wani nake jira, na ce a'a. Na daɗe a nan har aka kaɗa ƙararrawa. Yara suka ɓarke daga azuzuwa gaba ɗaya, da gudu, da ture-ture, da ihu, riga iri ɗaya, aski iri ɗaya. Na ɗaga wuya ina neman ta. Na ga wata doguwa na ce ita ce, ta juyo ba ita ba. Na ga wata ta faɗi ta tashi ta ci gaba da gudu, ban iya cewa ita ce ko ba ita ba. Na yi ta dubawa har aka sake kaɗa ƙararrawa suka koma ciki, ban gane wane kai ne nata ba. Na share hannuna, na tari trotro zuwa Buokrom.